Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin 'Yan Arewa Mazauna Birtaniya, Daga 'Yan'uwanku Na Hartlepool

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu shugabanni, maza da mata, muna gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, wadda mun san ba albashi kuke karɓa a kanta ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku haƙuri da mu.

Ina rubuto muku ne a madadin 'yan'uwanku da ke zaune a Hartlepool, wani gari mai mutum sama da 90,000 a gaɓar teku, can arewa maso gabashin Ingila. Yawancinmu ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi ne, sai ɗalibai da ke bin jirgin ƙasa zuwa Middlesbrough karatu saboda hayar nan ta fi sauƙi, sai matanmu da 'ya'yanmu. Akwai Bakano da Bazazzagi da Basakkwace a cikinmu, akwai mutanen Maraɗi da Damagaram, har da ɗan zangon Kumasi. Mun zauna bayan sallar Juma'a muka tattauna, suka ce in rubuta, in kuma sa a fili don waɗanda ke gida suna shirin tahowa su ma su karanta.

Abu biyu ne suka sa mu magana. Na farko, sanarwar da kuka fitar a zaurukan WhatsApp, inda kuka shawarci sababbin zuwa da su guji karɓar aiki a garuruwan gaɓar teku na arewa, kuka kuma kama sunan garinmu. Na biyu, jadawalin ayyukanku na bana: taron shekara a Landan, zama da lauyoyi a Birmingham, gasar ƙwallon bayan Sallah a Manchester. Kuɗin wata-wata kuwa ana karɓa daga hannunmu kamar kowa.

Bari mu fara da sanarwar, don ita ta fi yi mana ciwo.

Ba mu musanta abin da ya faru ba. A daren 31 ga Yuli 2024, kwana biyu bayan an kashe yara mata uku a Southport aka kuma baza ƙaryar cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya yi kisan, wasu gungun mutane sun cika titin Murray Street a nan garin. Sun farfasa tagogin gidaje da shaguna, sun jefi 'yan sanda, sun ƙona motarsu. Muna cikin gidajenmu, mun kashe fitilu mun kwantar da yara a ƙasa. Kafin wannan ma, a Oktoban 2023, wani mai neman mafaka ya daɓa wa wani dattijo ɗan shekara 70 wuƙa a kan titi ya kashe shi, abin da ya bar ɗaci a zukatan mutanen gari, kuma mu ma muka sha kallon banza a kansa. Duk wannan gaskiya ne. Amma washegarin tarzomar, 'yan garin ne suka fito da tsintsiya da shebur suka share titin. Wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda mijinta ya yi aiki a kamfanin ƙarafa har aka rufe, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da sassafe tana tambaya ko akwai abin da za ta sayo mana a kanti don kada matata ta fita. Ba a sa wannan a sanarwarku ba, don babu wanda ya kira mu ya tambaya. A wancan makon ma, ko kiran jaje ba mu samu daga gare ku ba.

Ga abin da sanarwar ta jawo. Iyayenmu a gida sun gani, suna ta kira cikin kuka wai mu bar garin. Wani ɗan'uwanmu ya biye wa surukansa ya kwashe iyalinsa zuwa babban birni, ya bar gida mai ɗaki uku ya koma ɗaki ɗaya da kuɗin da ya fi na da, yanzu yana neman hanyar dawowa. Wata baiwar Allah da kamfanin da ya kawo ta ya durƙushe, aka samar mata gurbi a nan, ta ƙi karɓa saboda tsoro, har wa'adin bizarta ya ƙure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da an tambaye mu da mun faɗi unguwannin da ya kamata baƙo ya yi hattara da su da waɗanda zai zauna lafiya.

Muna so ku san garin da kuka yanke wa hukunci, domin fushin mutanensa yana da asali. Tsohon garin yana kan wani tsauni da ya kutsa cikin teku, masunta ne suka zauna a wurin, kuma tun 1201 Sarki John ya ba shi takardar 'yancin gari. Arzikin zamani ya zo ne da kwal. A 1847 wani lauya mai suna Ralph Ward Jackson ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa don fitar da kwal ɗin da ake haƙowa a yankin Durham, sabon gari ya tsiro a gefenta, aka kira shi West Hartlepool. Garuruwan biyu sun daɗe suna kishi da juna kafin a haɗe su a 1967. Daga kwal aka shiga ƙera jiragen ruwa, inda kamfanin William Gray ya yi suna a duniya, sai shigo da katako, sai narka ƙarfe. Saboda muhimmancin tashar ne jiragen yaƙin Jamus suka zo da safiyar 16 ga Disamba 1914 suka yi wa garin ruwan wuta, harsasan igwa sama da 1,000 cikin ƙasa da awa ɗaya, mutum sama da 100 suka mutu, yawancinsu farar hula. Har yau duk shekara ana taruwa a tuna da su a wurin igwogin da suka mayar da martani.

Sai abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Gray ya rufe a 1962. An daina narka ƙarfe a 1977. Ramukan kwal na Durham suka bi baya, na ƙarshensu a farkon shekarun 1990. A 2015 aka kashe babbar masana'antar ƙarafa ta Redcar da ke tsallaken kogin Tees, inda 'yan nan da yawa ke aiki. Ni a Kakuri ta Kaduna na tashi. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, na san ƙarar jiniyar canjin aiki, na kuma san yadda unguwa ke zama bayan jiniyar ta yi shiru: magidanci na zaune a ƙofar gida da hantsi, samari suna neman wanda za su ɗora wa laifi. Duk wanda ya ga Kakuri bayan rufe masaƙu ba zai buƙaci tafinta ba a Hartlepool. Tsofaffin da muke yi wa wanka muna ba su magani, su ne waɗanda suka yi walda a jikin jirage suka tsaya gaban tanderun ƙarfe. Idan kana sauya wa mutum zanin gado da ƙarfe uku na dare yana ba ka labarin ranar da aka sallame su, sai ka fahimci dalilin da ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na masu zaɓen garin suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, da dalilin da ya sa suka juya wa jam'iyyar Labour baya a zaɓen cike gurbi na 2021, suka kuma dawo mata a 2024. Mutane ne da suka gaji da alkawari daga Landan. A wannan ɓangaren, ranku ya daɗe, mun fara kama da su.

Kuka na biyu shi ne na aiki da takardu. Kun san tun 2022 aka buɗe ƙofar bizar masu kula da tsofaffi, jama'armu suka shigo da yawa, wasu bayan sun sayar da fili ko mota sun ba dillalai. Kun san daga Maris 2024 an hana sababbin ma'aikatan wannan fanni zuwa da iyalansu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga ƙasashen waje baki ɗaya. Abin da ba ku gani daga inda kuke shi ne yadda dokar ke cizo a ƙaramin gari. Idan gwamnati ta ƙwace lasisin kamfanin da ya ɗauki nauyinka, kwana 60 ake ba ka ka samo wani ko ka tattara. A Landan ko Manchester kamfanonin suna da yawa, ga lauyoyi, ga 'yan'uwa masu hanya. A nan kamfanonin da ke da lasisin 'yan kaɗan ne, lauyan da ya san harkar shige da fice kuma sai ka tafi Middlesbrough ko Newcastle. Bizar ba ta ba mutum damar karɓar tallafin gwamnati, don haka wanda aikinsa ya tsaya, cikin mako biyu tukunyarsa ta tsaya. Mu ne ke haɗa fam goma-goma muna biya masa haya. Kun shirya zama da lauyoyi, madalla, amma a Birmingham, ranar Asabar, ranar da yawancinmu ke bakin aiki na awa goma sha biyu. Wanda ya fi buƙatar lauyan shi ne wanda ba shi da kuɗin jirgin zuwa.

Akwai kuma cin zalin da ake yi a ɓoye. Wasu masu kamfani sun san ba ka da wurin zuwa, sai su rage maka awanni ƙasa da abin da ke cikin takardar aikinka, ko su tura ka gida-gida da motarka ba tare da biyan lokacin tafiya ba. In ka yi magana a tuna maka wa ke riƙe da bizarka. Ba za mu kama suna a nan ba, amma muna da takardu, kuma muna neman wanda zai duba su.

Na uku gajere ne amma mai nauyi. Tun 2011 aka rufe sashen gaggawa na asibitin garin, duk wanda ciwo ya kama da tsakar dare sai an kai shi Stockton, tafiyar kusan rabin awa a mota. 'Yan gari sun yi zanga-zanga a kan haka tun kafin mu zo. Mu abin da ya dame mu shi ne mace mai ciki da mijinta ke aikin dare, ba uwa ba ƙanwa a kusa. Sannan mutuwa. Da aka yi mana rasuwa, sai da muka yi ta bin mutane da ƙoƙon bara kafin a haɗa kuɗin jana'iza, aka ce mana asusun jana'izar ƙungiya na waɗanda ke da reshe ne, mu kuwa ba mu da reshe.

Yanzu ƙwallo, wadda wataƙila za ku ga ba ta kai a sa ta a wasiƙa irin wannan ba. Mu a wurinmu ita ce ƙofar shiga garin.

Hartlepool United, wadda 'yan gari ke kira Pools, an kafa ta a 1908, tana wasa a filin Victoria Park da bai kai cin mutum 8,000 ba. Ba ta taɓa buga babban rukunin Ingila ba. Abin da ta yi fice a kai a da shi ne ƙarewa a ƙasan teburi: sau 14 tana roƙon sauran ƙungiyoyi su sake zaɓenta don kada a kore ta daga gasar, babu wadda ta kai ta. A 1916 jirgin saman yaƙi na Jamus, Zeppelin, ya jefa bam ya rushe rumfar 'yan kallo, ƙungiyar ta yi ta aika wa Jamus takardar neman diyya, ba a biya ba. A nan ne Brian Clough ya fara aikin koci a 1965 yana da shekara 30, mutumin da daga baya ya ci kofin Turai sau biyu da Nottingham Forest, a 1979 da 1980. A 2005 sun kai wasan ƙarshe na neman hawa rukuni na biyu a Cardiff, suna gaba saura 'yan mintuna, Sheffield Wednesday ta farke ta kuma cinye su 4-2 a ƙarin lokaci. A 2017 suka faɗo daga gasar ƙwararru bayan shekara 96 a cikinta, kuɗi ya ƙare, magoya baya suka yi karo-karo don kada ƙungiyar ta mutu. A 2021 suka dawo da bugun fenareti a kan Torquay, bayan golan Torquay ɗin da kansa ya haura ya farke musu ƙwallo da ka a daƙiƙun ƙarshe. A 2023 suka sake faɗowa. Duk da haka ranar wasa dubban mutane ne ke fitowa cikin iskar teku mai yanka kunne, kaka da jika, sanye da shuɗi da fari.

Mu da muka saba da gardamar Arsenal da Chelsea a gidan kallo, da farko dariya abin ya ba mu. Wani abokin aikina Bature ya ja ni filin, na tafi da ɗana. Tun daga ranar, tsohon da ke gado na uku a wurin aikina, wanda da ba ya amsa gaisuwata, ya fara tambayata yadda wasa ya kaya. Ɗana kuma ya samu abin da zai yi hira a kai da 'yan ajinsu. A garin nan idan ka san wa ya ci wa Pools ranar Asabar, an fara ɗaukarka ɗan gida.

Kuma mutane ne masu iya yi wa kansu dariya, abin da Bahaushe ya san darajarsa. Maƙwabtansu na tsokanarsu da wata tatsuniya, wai lokacin yaƙin Napoleon jirgin Faransa ya nutse a gaɓarsu, biri kaɗai ya tsira sanye da kayan soja, masunta suka ɗauka ɗan leƙen asirin Faransa ne suka yi masa shari'a suka rataye shi. Maimakon su ji haushi sai suka mai da birin alamar ƙungiyarsu. A 2002 saurayin da ke sa kayan birin a filin wasa, Stuart Drummond, ya tsaya takarar magajin gari da alkawarin raba wa 'yan makaranta ayaba kyauta, ya ci, aka kuma sake zaɓensa har sau biyu. Ba ƙwallon ƙafa kaɗai ba ce: ƙungiyar zari-ruga ta West Hartlepool ta buga babban rukunin Ingila a shekarun 1990, kuma Savannah Marshall, wadda ta ci kambun damben duniya na waɗanda ba don kuɗi suke yi ba a 2012 kafin ta zama zakarar duniya a damben kuɗi, 'yar garin nan ce. Yaranmu biyu suna zuwa wajen koyon dambe yanzu haka.

To ga gasarku ta bayan Sallah, wadda aka ce don haɗa kan matasa ake yi. Samarinmu suna atisaye duk Lahadi a filin unguwa, sun nemi shiga, aka ce sai ƙungiyar da ke da reshe mai rajista. Sun ji kunya, mu ma mun ji.

Abu na ƙarshe cikin kukanmu shi ne gobe. Ba ma so 'ya'yanmu su gaje mu a aikin dare. Garin bai mutu ba kamar yadda ake faɗa. Tashar wutar nukiliya da ke aiki tun 1983 tana nan tana ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata, ko da yake kwanakinta sun kusa ƙarewa, an sha ɗage ranar rufe ta, kuma a 2025 an sanar da shirin gina sababbin ƙananan injinan nukiliya a wurin. Akwai masana'antar bututun ƙarfe, akwai mai yin manyan wayoyin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin teku don injinan wutar iska, akwai tashar da ake farfasa tsofaffin jirage da dandamalin haƙar mai, inda aka kawo katafaren jirgin yaƙin Faransa Clemenceau a 2009. Tsohuwar tashar kwal ta zama wurin shaƙatawa, inda jirgin Trincomalee da aka ƙera a Bombay a 1817 ke tsaye kan ruwa masu yawon buɗe ido na biya su shiga. Waɗannan ayyuka ta hanyar koyon sana'a a kwalejin gari ake shigarsu, yaro na koyo ana biyansa. Iyaye da yawa a cikinmu ba su san da wannan hanya ba, sun ɗauka in ba jami'a ba to ba komai. A cikinku akwai injiniyoyi da likitoci da malaman jami'a da za su iya wayar mana da kai cikin yini ɗaya.

Don haka ga abin da muke roƙo, cikin ladabi.

Ku janye sanarwar nan, ku fitar da wata a zaurukan da kuka baza ta farko. Mun shirya rubuta muku bayani na gaskiya kan garin: kuɗin haya, unguwanni, makarantu, inda ake samun naman halal, sanyin hunturu da yadda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba, har da wuraren da ba mu ba baƙo shawarar bi da dare ba. Nan gaba kuma kada a yi wa wani gari irin wannan hukunci sai an ji ta bakin mazaunansa.

Ku amince mana da reshe na arewa maso gabas, wanda zai haɗa mu da 'yan'uwa na Middlesbrough da Stockton da Sunderland, da kujera ɗaya a kwamitinku. Da wannan kaɗai maganar asusun jana'iza da ta gasar ƙwallo sun warware. In akwai sharaɗin yawan mambobi, ku faɗa mana adadin, za mu kawo sunaye.

Ku kawo zaman lauyoyi nan ko sau ɗaya a shekara, a ranar da ba ta ci karo da aiki ba, ko a yi shi kashi biyu, safe da yamma. Ku kuma ware wani abu daga kuɗin da muke biya don wanda kamfaninsa ya rasa lasisi, ko bashi ne, ya samu na haya da abinci cikin kwana 60 ɗin nan. Muna kuma so ku yi magana da babbar murya a gidajen rediyon da ake saurare a gida cewa an rufe bizar kula da tsofaffi ga masu zuwa daga waje, domin har yanzu dillalai na karɓar miliyoyin mutane a Kano da Kaduna a kan aikin da babu shi.

Ku ba mu zagaye ɗaya na gasar ƙwallon, mu za mu nemo fili. Muna so mu gayyaci wata ƙungiyar unguwa ta 'yan gari ta buga da samarinmu a ranar, a dafa shinkafa a gasa nama, iyayensu su zo su ci. Idan ranar ta dace da wasan Pools a gida, mu kwashi yaran gaba ɗaya zuwa Victoria Park. Kuɗin tikitinsu bai kai abin da ake kashewa kan ruwan sha a taron shekara ba.

Sannan ku turo mana mutum biyu ko uku daga cikin masu ilimin aikin injiniya da lafiya su zauna da iyaye da matasa kafin lokacin neman gurbin koyon sana'a ya wuce.

Akwai jirgin ƙasa da ke tasowa daga tashar King's Cross ta Landan kai tsaye zuwa Hartlepool, tafiyar awa uku da 'yan mintuna. Masauki da abinci a wuyanmu. Muna roƙon a ba mu amsa a rubuce kafin taronku na gaba, a kuma sa maganar reshenmu cikin ajandar taron, mu turo wakilai biyu su kare ta.

Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Ɗan'uwanku, ma'aikacin gidan kula da tsofaffi,
a madadin 'yan Arewa da 'yan Nijar da sauran Hausawa mazauna Hartlepool.